Ajin Ƙarfe Sha Ɗaya

Sakamakon ya fito tas, kamar an wanke shi: 'yan mata casa'in da bakwai ke zuwa makaranta a kan kowane maza ɗari. Shekara biyu Saudatu ta yi a Kuala Lumpur tana farautar wannan adadi, a bincikenta na digiri kan sakandaren karkarar jiharsu. Saura mako uku ta miƙa aikin, tallafin karatunta kuma wannan watan zai ƙare.

Dakta Noraini, malamar da ke duba aikin, ta ja ta shan shayi a unguwar Brickfields, bakinta har kunne. Ta ce ƙasashe da yawa za su yi sha'awar wannan labari.

Saudatu dai juya cokali kawai take yi. Da safiyar nan, cikin kwafin rajistocin da ƙaninta Maitama ya aiko, ta ci karo da rubutun hannunta: aji uku, shekarar da ta koyar a garinsu. Kowace yarinya an yi mata alamar ta zo, kuma ba ƙarya aka rubuta ba. Ƙarfe takwas ake kiran suna, su amsa da ƙarfi har su fi mazan. Da an kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma sai su sulale, wannan ta kai abinci gona, waccan ta bi layin rijiya. Darasin lissafi kuwa sai sha ɗaya ake shiga. Sau nawa ta tsaya gaban allo, layin mata ba kowa sai jakar da wata ta manta? Ta san wannan sarai, amma ta bari takarda ta yi mata daɗin baki. Kunya ta rufe ta.

In ta yi shiru, digiri ya zama nata, ba mai tonawa. In ta yi magana, sai komawa gida a sake ƙirga daga farko, ba tallafi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Boleh? Ya yi ko? Mu miƙa?" in ji Dakta Noraini, tana haɗawa da yarensu.

"Dakta, safiya kaɗai na auna."

Ta zayyana mata komai. Malamar ta cire tabarau, sannan ta tambaye ta 'yan mata nawa ke zaune a aji da sha ɗaya.

"Ba wanda ya taɓa rubutawa."

"Ko ke?"

"Ko ni," in ji Saudatu.