Hayar Shago Na Huɗu

Shekara goma sha shida ina yi wa bankuna kimar gine-gine, amma har gobe yayata 'yar awo take ce min. Ba ta yi ƙarya ba. Da tef ɗin awo nake yawo, in ƙwanƙwasa bango, in leƙa silin. Sai dai ginin kasuwanci ba a bulo darajarsa take ba. Ana tara hayar da yake kawowa a shekara, a cire abin da yake ci, abin da ya rage shi ne ribar gini, kuma a kan wannan ribar banki yake yanke ko zai ba da bashi.

Ginin da aka tura ni a wancan karon bene ne, shaguna shida a ƙasa, ofisoshi huɗu a sama. Mai shi wata dattijuwa ce da 'yan haya suke kira Gwaggo. Mijinta ya rasu ya bar mata shi da rufi mai yoyo, har ruwa ya taɓa jiƙa takardun wani lauya. 'Yan sama sun ce in ba a sake rufin kafin damina ba, za su tashi. Shi ya sa take neman bashi.

Shago na huɗu ne kawai ba shi da allo a ƙofa. Wani tsohon tela ne a ciki, da kekensa da madubi mai tsagewa a gefe. Da na nemi takardar hayarsa, Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Ba ya biya, 'yar nan. Lokacin da shagonsa ya ƙone marigayi ya ce ya zauna. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Na rubuta sifili a gaban shago na huɗu, na haɗa rahotona na kai banki.

Mai tantance bashi a wurin, Jan Biro muke ce masa a bayan idonsa, don ba ya barin takarda ta wuce bai zana mata ja ba. Ba mugu ba ne, lissafi kawai yake ji. Ya duba, ya ƙara dubawa.

"Malama, ribar ba ta kai ba. Kaɗan ya rage, amma ba ta kai ba." Ya ɗora biron a kan sifilin nan. "Mai ginin ta sa mai biya a nan, ta kawo min takardar haya, magana ta ƙare."

Na je na gaya wa Gwaggo. Sai ta ce, "To da wane bakin zan faɗa masa?" Na tausaya mata, na kuma ji haushin kaina da na zama mai kawo saƙon.

Bayan kwana biyu na koma da sassafe, don akwai awon matakala da ban gamsu da shi ba, kuma ina son in yi kafin mutane su cika. Na tarar an buɗe get, an share baranda har an yayyafa ruwa. A bayan gini, ƙarƙashin tankin ruwa, ƙafafun mutum ne suka leƙo, ana ta ƙwanƙwasa bututu. Da ya fito sai na ga telan, hannu duk tsatsa.

"Ina kwana, Baba. Ina mai gyaran famfon?"

"Ai ɗan abu ne, 'yata, ba sai an kira kowa ba."

Na je wurin mai kantin magani da ke shago na biyu na tambaye ta wa ke biyan maigadi. Ta yi dariya har da riƙe kanta.

"Wane maigadi? Baba ne ke buɗewa, shi ke rufewa. Shara shi, ƙwan fitila shi, in lantarki ya lalace shi ke zuwa ya tsaya kan masu gyara. Ko makullina ya ɓata wurinsa nake zuwa."

Nan na tsaya da tef a hannu kamar wadda aka dasa. A rahotona akwai layi uku na abin da gini yake ci: mai kula, mai shara, ƙananan gyare-gyare. Na cika su ne da adadin da na saba sa wa kowane gini mai wannan girman, ban nemi ko rasit ɗaya ba. Wato na hukunta ginin sau biyu. Na hana shi hayar shago, na kuma caje shi albashin mutanen da ba su taɓa taka shi ba. Shekara goma sha shida a aiki, ga abin da na yi. Kunya ta kama ni sosai.

Na gyara lissafin, na koma wurin Jan Biro.

"In tsohon ya tashi fa?" ya ce.

"Sai a ba da shagon haya, a ɗauki mai kula daga kuɗin. Ko ta ina ka bi, ɗaya za ka cire, ba biyu ba."

Ya daɗe yana latsa kalkuleta. Biron yana hannunsa, amma bai buɗe shi ba.

"Ban san zumunci ba, Malama, takarda na sani. A rubuta yarjejeniya, shago a bakin aikin kula da gini, su biyun su sa hannu."

Ni da Gwaggo muka kai wa telan takardar. Ashe labarin cewa banki na son a sa mai biya a shagon ya riga mu, don mun tarar ya kwance keken daga teburinsa, ya ɗaure yadukan mutane ƙulli-ƙulli, kowanne da sunan mai shi.

"Gwaggo, kada ki wahalar da bakinki," ya ce. "An yi min abin da ba zan iya biya ba. Gobe zan ba ki makulli."

"Baba, zauna ka karanta tukuna," na ce.

Ya sa tabarau. Na nuna masa layi biyu: ga abin da shagon zai kawo in an ba da shi haya, ga abin da za a biya masu yin aikin da yake yi. Na biyun ya fi na farkon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya bi su da yatsa a hankali, ya dawo farko.

"Wannan ba don ki faranta min rai kika rubuta ba?"

"Banki ba ya karɓar faranta rai, Baba. Da ƙarya na yi, da lasisina zan biya."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wato duk shekarun nan ba zaman sadaka nake yi ba."

Gwaggo ta juya ta fuskanci bango tana gyara mayafi. Ni ma na shiga neman biro a jaka, alhali yana hannuna.

An ba da bashin. Da na je duba sabon rufin bayan wata biyu, na tarar da Baba a kan tsani a ƙofar shago na huɗu, mai kantin magani tana riƙe masa ƙafar tsanin tana faɗan ya karkata ta hagu. Allo yake kafawa, da sunansa a jiki.