Wa Ya Rufe Bakin Kwamfaila?

Tun farkon mako manhajar da ke lissafa rabon ruwa a unguwanni ta fara jan ƙafa. Aikin da take gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai a kai azahar ana jira.

Injiniya ce ta rubuta sashen lissafin, don haka ita aka zuba wa ido. Ta bi rubutun layi-layi har ta kama matsalar: wani ɗan yanki na rubutun wani lokaci cikakkiyar lamba yake fitarwa, wani lokaci mai ɗigo. Na'ura ba ta san wadda za ta zo ba, sai ta tsaya bincike a kowane zagaye.

Gyaran bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne kwamfaila, manhajar da ke juya rubutunsu zuwa yaren na'ura, ba ta barin irin wannan ya wuce sai ta yi gargaɗi. Injiniya ta buɗe saitin kwamfailar, inda ake kunna gargaɗi ko a kashe shi. Ashe an kashe gargaɗin.

Ta ɗago ta kalli Dogo, abokin aikinta da ke zaune kusa da taga. Tun da aka ba ta sashen nan yake gaishe ta da rabin baki.

"Dogo, ka taɓa saitin kwamfaila?"

"Ni? Me zai kai ni?" Bai ko juyo ba. "Je ki tambayi masu izinin taɓawa."

Amsar ba ta kwanta mata ba. Ta nufi ofishin Manaja da niyyar kai ƙara, amma tun kafin ta ambaci sunan Dogo, Manaja ya tura ƙofar ya rufe.

"Ni na kashe," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Baƙi za su zo duba aiki, ba na son su ga allo cike da rawayen rubutun gargaɗi. Ki gyara naki kawai, sauran ki bar su yadda suke."

"Sauran, ranka ya daɗe?"

Ya ɗauki wayarsa ya hau latsawa.

Ta koma kujerarta, ta kunna gargaɗin a kwamfutarta ita kaɗai. Rawayen layuka suka yi ta zubowa. Nata guda ne. Ragowar duk daga sashen lissafin matsin ruwa a bututu suke, wanda Manaja ya rubuta da hannunsa, ya kuma hana kowa buɗewa.

Ta karkatar da allon daga saitin ƙofarsa.

"Dogo," ta ce a hankali, "jawo kujerarka ka ga abin da Manaja ke ɓoyewa."