Layin Jirgin Legas

"Don Allah ku yi mini hanya, ana kiran jirgina!"

Batulu ce ke roƙo, mayafinta ya zame, jakarta rungume a ƙirji. Ba wanda ya waiwayo. Layin bincike ya yi tsawo har ya lanƙwasa ta bayan ginshiƙi, kowa ya kafa ido a ƙeyar na gabansa.

Jiya aka bugo mata waya har Sundimina: mota ta buge ɗanta Zulkifli, mai acaba a Legas, yana asibiti, sunanta kawai yake kira. Abokan sana'arsa suka saya mata tikiti. Ta yi sammako, amma motar da ta shiga a Birnin Kudu ta lalace a hanya, sai a bayan motar tumatir ta ƙarasa filin jirgin sama.

"Baiwar Allah, duk nan sauri muke," in ji wata mata mai gilashi. "Ɗazu wani ya rantse mana jirginsa zai tashi, muka ba shi hanya. Ga shi can yana shan shayi."

Batulu ta gyara mayafinta. Ta yaya za ta shimfiɗa ciwon ɗanta a gaban baƙi kamar kayan talla?

A lokacin ne wani ma'aikaci ya ɗaga igiyar gefe, ya wuce da wani mai babbar riga, yana riƙe masa jaka. Kowa ya kawar da kai.

* * *

Wani dattijo a tsakiyar layi ya fito. Malam Dabo ne, ɗan kasuwar riɗi daga Gwaram.

"Inna, zo ki tsaya a wurina, ni zan koma baya." Ya ɗaga murya. "Jama'a, ku dubi ƙurar ƙafafunta mana. Wannan ta yi kama da mai ƙarya?"

Wasu suka matsa mata. Ta wuce mutum, ta wuce na gabansa, tana ta godiya. Sai ta iske wani saurayi da ya tare hanya da akwatinsa.

"Shi ya ba ki wurinsa, ni ban ba ki nawa ba."

Ta tsaya a bayansa. Aka sake kiran jirgin Legas, sannan ba a ƙara kira ba.

* * *

Ma'aikaciyar da ke ƙofa ta ce an rufe, sai gobe. Malam Dabo ya same ta a kan benci, ya karɓi wayarta ya kira mata abokin Zulkifli.

"Ba ya magana tun safe, Inna," in ji abokin, "amma zan kara masa a kunne."

Batulu ta juya fuskarta ga bango, ta rage murya.

"Zulkifli, ni ce. Na taso, ina hanya. Ka jira ni."

Daga can ba ta jin komai sai ƙarar wata na'ura.