Salsar Mama da Giyar Fada Anselmo

A garinmu Parras kowa ya san salsa, miyar barkonon da muke dangwala abinci a ciki, ba ta ƙarya. In mai dakawa tana cikin fushi, sai ta yi yajin da zai sa jaki hawaye. Mamanmu ba ta faɗa da baki. A turmi take yi.

Laifin Baba ne. Motar kwasar inabi ta fara gangara, sai ya sunkuci turmin dutsen da Mama ta gada wurin kakarta ya tare taya da shi. Bakin turmin ya ɓantare. Tun ranar ko "sannu" ba ta ƙara ce masa ba, mu kuwa kullum muna cin abinci muna sharar majina.

Ran Lahadi Baba ya gayyato Fada Anselmo, limamin cocinmu, ya sasanta su. Ina tsaye Mama ta gasa tumatir da tafarnuwa a kasko har suka yi baƙi-baƙi, ta zuba a ɓantararren turmin, ta sa albasa da gishiri. Barkono uku kacal ta jefa, na gani da idona. Amma yadda take murza dutsen nan, sai ka ce wuyan Baba ne.

Baba ya dire kwalbar jar giya a tebur, mai kauri, ta gonar da yake aiki.

"Wannan ce za ta iya da ita, Fada," in ji shi.

Fada ya dangwala tortiya, wainar masararmu, ya kai baki. Kunnuwansa suka yi ja. Ya kurɓi jar giyar, sai ka ce an watsa wa wuta kananzir.

"Chencha, 'yata," ya ce wa Mama da ƙyar, "shekara da shekaru ina wa'azin Jahannama, ashe ban san abin da nake faɗa ba."

"Ba ta da yaji, Fada," Mama ta ce. "Ƙara."

Fada ya juya wajen Baba. "Eleuterio, me ka yi wa baiwar Allah nan?"

Baba ya faɗa masa, kai a sunkuye.

"Da ni ne, da maganin ɓera zan sa maka," in ji Fada. Ya laluba jakarsa ya zaro wata ƙaramar kwalba, giyar coci mai zaƙi. "Ban sa mata albarka ba tukuna, kada ku zare min ido. Dama don masu zunubi ake yin ta. Jar nan taka faɗa take da barkono. Wannan lallashi ta iya, abin da kai ba ka iya ba."

Baba ya kurɓa, ya share ido, ya dubi Mama.

"Tsohuwa, na tuba. Da na bar motar ta faɗa rami."

"Da kai a ciki," in ji Mama. Sai dariya ta ƙwace mata. "Miƙo min kofi, tsoho, kafin Fada ya shanye hadayar gobe."

Washegari salsa ta fito salam, ko jariri zai sha. Baba ya ɗanɗana, ya buɗe baki zai yi tsiya, na taka masa ƙafa.

"Ta yi daɗi," ya ce.

Mama ba ta ko ɗago kai ba, ta tura masa kwanon ɗanyen barkono.