Jinin Bakin Teku

"Jerotich, dakata, ƙirjina ya ɗaure," in ji Baba Chesire, yana dogare da sandarsa a tsakiyar hawa.

Na waiwayo ina dariya. "Jinin Mombasa ne, Baba. Bai saba da tudu ba tukuna."

Tun da ƙasa ta zaftare bara ta binne ƙauyen da ke gefenmu, na ɗora wa kaina koya wa maƙwabta hawa zuwa falalen dutsen da ke saman gonaki, domin ranar da za a busa ƙahon gargaɗi kowa ya iya kai kansa. Ni 'yar tsere ce, abin da mai horar da mu yake faɗa shi nake maimaita musu da zuciya ɗaya: jiki koyo yake yi, in ya yi kuka a ƙyale shi.

Shinge ne kawai tsakanin gidanmu da na Baba Chesire. Bai daɗe da dawowa daga Mombasa ba, bayan ya tsufa yana dako a tashar jiragen ruwa. Kowa a nan ya san wanda ya zo daga bakin teku sai ya sha haki kafin jininsa ya yi kauri.

Matarsa, Kaka Tabarno, ta wuce shi da goran nono a rataye. "Ka je ka zauna cin kifi da kwakwa, ai ga shi nan. Ni da na haifa maka 'ya'ya ko tsayawa ban yi ba."

"Ke ai akuya ce," ya ce, yana murmushi yana murza hannunsa na hagu. Sai ya sassauta murya. "Na yau daban ne, 'yata. Har cikin hannu nake jin sa."

"Alamar yana aiki ke nan. Daure, ga dutsen can."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa likita, ya ɗaga ƙafa.

Ya kai. Ya jingine sandar, ya zauna, kwarin Kerio shimfiɗe a ƙasa shuɗi-shuɗi kamar tekun da ya baro. "Kin yi gaskiya," ya ce. "Ya fara sakina."

Daɗi ya cika ni, na juya ina yi wa na baya kirari. Da Kaka Tabarno ta miƙa masa goran, bai karɓa ba.

Ranar jana'iza ba wanda ya harare ni. Mutane suka yi ta cewa tudu ne ya ƙi karɓarsa, har wasu suna riƙe hannuna suna sa mini albarka. Da ma zagina suka yi.

Da damina ta kankama, wata rana da hantsi aka busa ƙahon. Duk muka hau, tsofaffi da masu goyo, ba wanda ya tsaya a hanya. Ni ce ta ƙarshe. Na tarar da sandar tana nan inda ya jingine ta, Kaka Tabarno zaune kusa da ita, ta ja gefen mayafinta ta rufe ta daga ruwa.