Mutanen Ɓoye Uku a Kurudu

"Yau kuma wace ce ke?" Barira ta tambayi 'yarta, tana juya waina a bakin tashar Nyanya.

"Rosemary," in ji Rakiya.

"To Rosemary, miƙo min kwanon miya."

Shekarun Rakiya sha biyar. Makon jiya Divine ce, ta yi ta waƙa har murya ta dishe, wai jirgin sama za ta tuƙa. Kafin nan kwana tara ta yi kwance, fuska a bango, ko ruwa sai da roƙo. Barira ba ta da lokacin kuka. Ta kife tanda, ta ja hannun yarinya, sai asibiti.

* * *

Likita ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da magani kamar hawan jini: ƙwaya ɗaya kullum, a kuma riƙa kawo ta duk wata su yi hira.

A cikin motar Kurudu Barira ta yi ta saƙa da warwara. In aka ji 'yarta tana ganin likitan taɓin hankali, ko mai ruwa ba zai ƙara gaishe su ba. Aljanu kuwa, wane gidan mutunci ne babu su?

"Me suka ce?" Lucia maƙwabciyarta ta tare ta a ƙofa.

"Mutanen ɓoye ne. Uku. Ɗaya ma Kirista ce."

"Yesu! Wane coci take zuwa?"

* * *

Kafin Juma'a ƙofar ɗaki ta cika da takalma. Fadima mai kitso tana son jin inda mijinta ke biyawa in an tashi aiki. Akuyar Lucia ta ɓata. Har oga Godfrey mai gidan haya ya zo da ciwon gwiwarsa, ya cire hula. Rakiya na kan kujera, duk abin da ya zo bakinta shi take faɗi, su kuma suna gyaɗa kai. Tun da aka haife ta ba a taɓa barin ta ta kai ƙarshen magana ba sai yanzu.

"A'uzubillahi! Duba a gidana?" Barira ta bi su da tsintsiya. Da ta tafi tasha suka dawo.

Ran Litinin da hantsi tana shara, ta ɗaga tabarma, sai ga ƙwayoyin a jere, farare, ko ɗaya ba a sha ba.

"Ke, don Allah mene ne wannan?"

"Inna, in na sha, duk za su tafi."

"Ai abin da ake nema ke nan, 'yar nan!"

"To in sun tafi, wa zai rage?"

Barira ta tsince ƙwayoyin, ta dunƙule su a hannu. A waje wata mata tana ta sallama, tana tambaya ko mutanen sun tashi daga barci. Ƙwayoyin suka fara narkewa a cikin gumin tafin hannun Barira.