Ruwan Zogalen Inna Yelwa

Shekara talatin Tabita ta yi tana aikin jinya, ai kuwa sai da ta aje aikin ciwon ciki ya kama ta. Likita ya ce bangon cikin ne ya kumbura, ya rubuta mata magani. Tana sha, amma ko kunu ta kurɓa sai ta ji kamar garwashi ta haɗiya.

Ɗanta Natanayel, mai karatun haɗa magunguna, ya same ta kwance a gidansu na unguwar Koira Kano.

"Mama, akwai wani sinadari a ganyaye, filabonoyid sunansa. Masu bincike na ganin wataƙila yana kare bangon ciki. Zogale na da shi, har yakan fita cikin ruwan dahuwa. Kada dai ki bar maganinki."

Tabita ta tuna da garinsu. Can Dogondoutchi, in an dafa zogale matsewa ake a zubar da ruwan. Mahaifiyarta kuwa da ƙanwar mahaifiyar, Inna Yelwa, tacewa suke su sha da hantsi, suna hira gindin itacen bedi, ƙanshin ya cika gida. Ranar da Tabita ta dawo daga lakkwal, makarantar jinya, da farar riga, ita ta kifar da ƙwaryar ruwan gaban maƙwabta, ta ce ƙazanta ce. Har uwar ta rasu ba ta ƙara sha a gabanta ba. Yelwa kuwa tun daga ranar nan, gaisuwa kawai ke haɗa su, ga shi ita kaɗai ta rage da ta san haɗin.

Kwana uku tana jan ƙafa, sannan ta hau taksi zuwa unguwar Maourey, inda Inna Yelwa take zaune yanzu. Ta tarar da tsohuwar tana tsinkar ganyen kwaɗon da take kaiwa kasuwar Petit Marché.

"Wa nake gani haka? Madam dokotoro? Allurar taku ce ta ƙare?"

"Inna, cikina ne."

"Na gani, kin koma kamar kara. Ki dai yi nesa da ƙwaryata."

"Ruwan nan na zo tambaya. Na yi muku laifi, Inna."

 Yelwa ta turo mata faifan ganyen da ƙafa.

"Zauna ki tsinka. Ba a sa masa kanwa, kuma tafasa ɗaya ake saukewa. Uwarki ma ni na koya mata, duk da ta girme ni, kuma ta fi ki taurin kai."

Tabita ta gyara zanenta, ta zauna a ƙasa.